Alƙalamin tab ɗin nan, da gaske yana jin danni?

Ɗalibar Larabci: Assalamu alaikum. Ina aji uku a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Kawuna zai saya mani tab, ranar Juma'a zai shiga Kano. So nake in riƙa rubuta lacca da hannu, Larabci da boko, in na danna layi ya yi kauri kamar alƙalamin kara. Galaxy Tab S6 Lite ko iPad na hannu? Kuɗin bai wuce 300,000 ba.

Baban Khalifa: Ki sayi laftof kawai, ɗiyata.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. S6 Lite tun fitowarsa a 2020 da S Pen yake zuwa cikin kwali. Alƙalamin ba ya son caji, daga fuskar tab ɗin yake samun ƙarfi, kuma yana bambance matakin danni 4,096. Kina iya ɗora tafin hannu kan gilashi ba ya ɓata rubutu. Amma kar Kawu ya ɗauko Tab A8 don ya ga arha, ba ya aiki da S Pen.

Na Daura: Ni dai an gasa mani aya a hannu. Bara na sayi iPad na hannu don zanen aikin wuya, ɗinki nake yi. Mai shagon ya rantse alƙalamin na asali ne. Na zo gida, in na danna a hankali layi ɗaya, in na danna da ƙarfi layi ɗaya. Sau uku ina komawa Kano, kuɗin mota kaɗai ya isa sayen wani. Na ƙarshe ya ce wai hannuna ne bai iya ba. Ni da na shekara 18 riƙe da almakashi!

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Maigida, ƙila bai yi ƙarya ba. Apple Pencil mai USB-C da ya fito 2023 na asali ne, amma ba ya jin danni. Na farko na 2015 da na biyu na 2018 suna ji, kuma kowane da iPad ɗin da yake karɓa.

Na Daura: To mi ya hana shi faɗa mani? Kai ma ɗan kasuwa ne, shi ya sa.

Maman Husna: Ƙanena ya sayi S6 Lite 230,000.

Baban Khalifa: Hajiya, wace shekara? Ni 380,000 aka ce mani.

Gardin Tsangaya: Allo, tawada, alƙalamin kara. Matakin danni ba iyaka, in ya cika ki wanke ki sha.

Maman Husna: Allah ya shirye ka, Malam. Ni dai wanda ya riƙe abin a hannunsa zan saurara, ba mai karanto kwali ba.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Shekara biyu ina rubutu da shi a manhajar Samsung Notes, Hajiya. Bakin alƙalamin ne kawai ya cinye na canza.

Ɗalibar Larabci: Na gode. Amma yana mayar da rubutun hannu na Larabci ya koma na bugu?

Na Daura: Ƙanwata, ki fara tambayar inda za ki yi caji. Kwana huɗu ke nan ba mu ga wuta ba, mai cajin unguwarmu kuma ya ce tab kuɗin waya biyu ne.

Baban Khalifa: Ku naku da sauƙi. Mu an karɓi kuɗin gyaran taransifoma sau biyu, har yau shiru. Wa ya san mai haɗa sola na kirki cikin Katsina?