Neman shawara: 'yata ta haddace sau, amma ba ta san abin da yake nufi ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da yarinya 'yar shekara 8 da take aji 3 a firamare, kuma ta haddace sau tun daga gidan 2 har gidan 6, tana rera shi kamar waƙa ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Jiya na tambaye ta cewa idan yara 4 kowa ya samu alawa 3, alawa nawa ke nan, sai ta yi jim, sannan ta ce 7. Ina roƙon masu ilimi a cikinmu su nuna mini yadda zan taimaka mata a gida.

Amsar wani malamin firamare: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Amsar da ta bayar ta nuna cewa ta ji lambobi biyu ne ta haɗa su, domin ba ta taɓa ganin sau da idonta ba. Ki samo faranti 4 da murafun kwalba, ki sa ta zuba 3 a kowanne da hannunta, kamar yadda mai tumatir yake kasa kayansa kashi-kashi, sannan ta ƙirga ta faɗa da bakinta cewa kashi 4 ne, kowane kashi 3, duka 12. Bayan kwanaki sai ki janye farantan ta riƙa zana da'ira da ɗigo a takarda, kuma kada ta rubuta 4 × 3 = 12 sai zanen ya zauna mata. Wannan jeri na taɓawa, da zane, da lamba ya samo asali daga aikin Jerome Bruner, masanin ilimin halayyar ɗan'adam na Amurka, a shekarun 1960, kuma a kansa makarantun Singafo suka gina koyar da lissafinsu.

Amsar wata uwa: 'Yar'uwa, ni kiret ɗin ƙwai ne ya fisshe ni, domin gurabensa 30 ne, layi 5 kowanne da gurbi 6. Ranar da ɗana ya juya kiret ɗin ya ga layukan sun koma 6 masu gurbi 5 alhali ba abin da ya ƙaru, ranar ya gane cewa 5 sau 6 da 6 sau 5 abu ɗaya ne. Idan akwai mai rarrafe a gidan, ki guji yin ƙirgar da wake ko tsakuwa, saboda jefawa a baki ko hanci.

Amsar wani dattijo, tsohon hedimasta: Ban yarda a yi watsi da haddar nan ba, 'yata, domin za ta yi mata rana idan aka zo rabawa. Abin da ya rage shi ne ta iya fitar da amsa idan hadda ta kuɓuce mata. Idan 7 sau 8 ya gagara, ta jera layi 7 na murafu takwas-takwas, ta gitta tsinken tsintsiya bayan layi na 5, sai ta ga 40 a sama da 16 a ƙasa, ta haɗa su 56.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malam, minti nawa ya kamata mu riƙa yi a rana, ganin cewa da la'asar tana zuwa Islamiyya?

Malamin firamare: Minti 10 bayan sallar magariba ya wadatar, Hajiya, kuma ki tsaya tun kafin ta gaji.