Shawarwari kan jagorancin ma'aikatan asibiti masu asali daban-daban

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a jagoranci ma'aikatan asibiti masu asali daban-daban, mahalarta sun fi daɗewa a kan matsalar harshe, domin a asibiti rashin fahimta yana iya jawo asarar rai. Sun ba da shawarar a tsayar da harshe ɗaya na rubuta bayanan majiyyata da na miƙa aiki idan ana canjin ma'aikata, kuma duk wanda aka ba umarni da baki, musamman a kan adadin magani, ya maimaita shi a ji kafin ya aiwatar.

Abin da na ga ya fi wannan haɗari shi ne kunya. Ma'aikaciyar jinya da ta tashi inda ba a musu da na gaba tana iya ganin likita zai yi kuskure ta yi shiru. Shi ya sa aka tuna da jerin binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wanda ya buƙaci kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka, ta yadda ƙarami zai samu bakin magana.

Game da ranakun ibada da bukukuwa, an ce a fitar da jadawalin aiki da wuri, a kuma bar ƙofar musanya ranakun aiki a buɗe ga kowa.

An kuma bambanta majiyyaciyar da ta nemi mace ta duba ta, wadda ya kamata a biya mata buƙata idan da hali, da wanda ya ƙi ma'aikaci saboda ƙabilarsa ko launin fatarsa. A nan wajibi ne shugabanni su tsaya wa ma'aikacinsu a fili.