Neman kalma: ultrasound na magani, ba na hoto ba

Malama Agege: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan yi wa matan islamiyyarmu bayanin lafiya, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: ultrasound da ake so a rage kumburin hanji da shi, irin cutar Crohn. An gwada a kan ɓeraye, kumburin ya lafa, kuma masu binciken sun danganta hakan da saifa da jijiyoyin da ke lallashin garkuwar jiki. Bai zama maganin asibiti ba tukuna. Akwai wata a ajin mai fama da bayan gida da jini, ba na so ta fahimce ni a baibai.

Ɗan Mile 12: Ki ce sikanin kawai, Malama. Kowace mace ta san shi.

Nas Idi-Araba: A'a. Da kin ce sikanin, awon ciki za su tuna, su zaci hoto ne. Ki ce gashin sauti. Masu gashin ƙashi sun daɗe suna aiki da shi: a shafa mai mai sanyi a fata, a riƙa zagaya kan na'urar a hankali.

Baba Obalende: Sauti Larabci ne, 'yata. Muna da amo. Kuma wannan amon ya haura hatz 20,000, wato kaɗawa sau 20,000 a sakan ɗaya, kunnen ɗan Adam ba ya kama shi, jemage ne ke ji. Na kira shi amo gagara-kunne, tuntuni nake roƙon a karɓa.

Ɗan Mile 12: Baba, da girmanka, islamiyya ma Larabci ce. Mu kore ta?

Baba Obalende: Wannan ta zauna. Ciwona shi ne yaranmu na Legas, rabin zancensu Turanci da Yarbanci, har in sun je Kano a ce Hausarsu ta gurɓace.

Nas Idi-Araba: A nan aka haife ni, Baba, kuma Hausata ba ta aro ba ce. Gagara-kunne ya yi daɗi, amma bai nuna magani ba.

Malama Agege: Gashi kuma ina tsoron wata ta koma gida ta ɗora ruwan zafi a ciki.

Baba Obalende: To ki ce jinya da amo gagara-kunne.

Malama Agege: Zan faɗe shi haka sau ɗaya, Baba, in yi bayani, daga nan in ci gaba da jinyar sauti.

Baba Obalende: Amo dai. Amma je ki, Allah ya ba da sa'a.