Don Allah masu harkar gwanjon motoci ku taimaka min

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sana'ar saida motoci tokumbo a Birnin Kebbi, a da daga Kwatano muke ɗaukowa, amma tun da aka hana shigo da mota ta bodar ƙasa a 2017 sai dai mu saya hannun dillalan Legas, kafin mota ta iso nan ribar duk ta tafi a hanya. Shi ya sa nake son in fara saye kai tsaye daga gwanjon Amurka, irin su Copart da IAA.

Na buɗe akawun, na tura fasfo ɗina, amma motocin da nake so da yawa sai a nuna min wai sai mai lasisin dila zai iya tayawa, wata jihar Amurka ta bari wata ta hana. Ina da rijistar CAC (hukumar rijistar kamfanoni) da lambar haraji ta TIN, shin suna karɓar takardar CAC a matsayin lasisin kasuwanci ko dole sai na bi ta hannun wakili mai lasisi a can? In wakili ne, nawa suke caja kan kowace mota kuma ya ake gane na gaskiya, don wallahi tsoron tura daloli ga mutumin da ban taɓa gani ba nake, jarin ma ba nawa ne ni kaɗai ba akwai na yayana ciki.

Sannan wanda ya taɓa cin mota a gwanjon kwastan na intanet, TIN kaɗai ta isa a yi rijista? Don Allah wanda ya yi da kansa ya min bayani. Na gode.