Wannan "anti" na farkon kalmomi, daga ina ya fito?

Ɗan Lise:
Assalamu alaikum malamaina. A kwalin magani ina ganin antibiotique da antipaludique, a gwangwanin fenti kuma antirouille. Mene ne ma'anar anti, kuma asalinsa Faransanci ne?

Mushe Bagalam:
Wa alaikumus salam ɗana. Aro ne daga Girkanci. A can yana nufin "adawa da" ko "daura da", wani lokaci "a madadin". Antidote shi ne makari, abin da aka ba mutum don karya dafi. Wajen rubutu ana haɗe shi da kalma ba tare da ɗan layi ba, sai in kalmar ta fara da i, kamar anti-inflammatoire, don kada i biyu su yi karo. A wasu tsofaffin kalmomi i ɗin ma faɗuwa ya yi gaban wasali: antonyme, wato kalmar da ke kishiyar wata, da Antarctique, yankin ƙarshen kudancin duniya da ke daura da Arctique na ƙarshen arewa.

Malama Zariya:
Mushe ya gama magana, amma ga inda yara ke zubar da maki. Latin na da ante, wato "kafin", kuma a wasu kalmomi ya rikiɗe ya koma anti. Antidater sa wa takarda kwanan watan da ya riga ya wuce ne, babu wata adawa a ciki. Haka antichambre, ɗakin jira kafin a shiga wurin mai gida, haka anticiper. A madadin anti ka gwada sa contre, wato "adawa da", ka gwada avant, wato "kafin", ka ga wanda ya zauna. Antilope kuwa, sunan dabbar daji irin barewa, ba ruwanta da ko ɗaya, kada ka tsaga ta.

Mai Farmasi:
Ƙanena, a kan magani ka karanta abin da ya biyo bayan anti, shi ne abokin gabar. Antipyrétique, irin su paracétamol, zafin jiki yake saukarwa, ba ya taɓa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wannan aikin antipaludique ne. Mutane na ganin jiki ya yi sanyi su ce an warke, ciwon na nan. Antibiotique daga bios ne, wato rai. Bafaranshe Paul Vuillemin ya ƙirƙiro 'yar'uwar kalmar, antibiose, a 1889. Antibiotique bakteriya yake kashewa ko ya hana su yaɗuwa, shi ya sa shan amoxicilline don mura ɓarnar kuɗi ce, tunda virus ke kawo ta.