Taswirar zaɓen Amurka ta ɗaure min kai, dan Allah a yi min bayani

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai taswirar zaɓen Amurka na 2016 da har yanzu ake yawo da ita, kusan ko'ina ja ne wato na Trump, shuɗin na Hillary Clinton ɗan kaɗan ne a bakin teku sai wasu ɗigo-ɗigo a tsakiya. To amma kuma an ce Hillary Clinton ta fi shi ƙuri'u da kusan miliyan 3. Ta yaya haka za ta yiwu? Taswirar ce ta yi ƙarya ko alƙaluman? Gaskiya abin ya sa na fara shakkar duk wata taswira da nake gani.

MalamSani:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ita taswirar fili take nuna maka, ba mutane ba, kuma fili ba ya jefa ƙuri'a. Gundumar Los Angeles ita kaɗai tana da mutum kusan miliyan 10, jihar Wyoming kuwa gaba ɗayanta ba ta kai mutum 600,000 ba, amma a taswira Wyoming katon murabba'i ce ita kuma Los Angeles sai ka matso da ido kafin ka ganta. Shi ya sa masana ke zana wata irin taswira da ake kumbura kowane wuri gwargwadon yawan mutanensa, idan ka kalli wannan za ka ga ja da shuɗin sun kusa zama ɗaya. Cin zaɓen kuma ta wakilan jihohi ake yinsa a can, wannan wata magana ce daban.

Kuma ba Amurka kaɗai ba. Rasha ta kai murabba'in kilomita miliyan 17, Bangladesh ba ta kai 150,000 ba, amma Bangladesh ta fi Rasha yawan jama'a. Masar ma haka, ka ga ƙasa faffaɗa amma kusan kowa a gefen kogin Nilu yake zaune, hoton tauraron ɗan adam na dare yana nuna shi ƙarara, hasken wuta ya bi kogin kamar zare, sauran duk duhu.

Ummu_Khadija:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne ita kanta taswirar duniya da aka koya mana. Wani mai zana taswira da ake kira Mercator ne ya zana ta tun 1569, tana kumbura duk abin da ya yi nisa da tsakiyar duniya, shi ya sa Greenland take fitowa kamar ta kai Afirka girma alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Yaro ya tashi yana kallon wannan kullum wallahi dole ya shiga kansa cewa Turai da Rasha su ne duniya.

Injiniya_Bash:
Hajiya a nan kam zan ɗan saɓa miki. Mercator don matuƙa jirgin ruwa ya yi ta, tana kiyaye kusurwa ta yadda matuƙi zai ja layi miƙaƙƙe ya bi da kamfas, a wannan aikin ba ta da laifi, laifin na waɗanda suka rataya ta a aji ne. Duniya ƙwallo ce, ba yadda za a shimfiɗa ta a takarda ba a murɗe wani abu ba, ko girma ko siffa. In girman ƙasashe kike so akwai taswirar Equal Earth da aka fitar a 2018.

Ni dai ina ba kowa shawara ya nemi taswirar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku. Mutane da yawa suna zaton ta tauraron ɗan adam saƙo ke tafiya, alhali sama da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi ta waɗannan wayoyin suke bi. Ka dubi yadda suka cunkushe a Bahar Maliya da Masar, nan take za ka gane me ya sa rikici a wannan yankin yake damun har mai banki a Indiya. A Janairun 2022 ƙasar Tonga waya ɗaya gare ta zuwa waje, dutse mai aman wuta ya tsinke ta, sai da ƙasar ta yi sama da wata guda kafin a gyara.

Ummu_Khadija:
Na yarda ba don ya raina kowa ya zana ta ba Injiniya, amma yau shekara sama da 450 kuma akwai GPS, me ya hana a sauke ta daga bangon makarantu?

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai, yanzu na gane batun zaɓen. Injiniya ɗan ƙara min haske kan iyakoki, shin gaskiya ne Google Maps ba iri ɗaya yake nuna wa kowa ba?

Injiniya_Bash:
Gaskiya ne. Wanda ya buɗe daga Indiya zai ga Kashmir a cikin Indiya da layi cikakke, wanda ya buɗe daga wata ƙasa zai ga layin a tsittsinke alamar ana jayayya a kai. Crimea ma haka take tun da Rasha ta ƙwace ta daga Ukraine a 2014, abin da ɗan Rasha ke gani daban da na sauran duniya, saboda kowace ƙasa da dokarta kan yadda za a zana iyakarta.