Neman kalma: me za mu kira discrete mathematics da Hausa?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Akwai wani kwas da muke yi a Tek (jami'ar KNUST da ke Kumasi), discrete mathematics, da lojik a cikinsa, to muna son mu fara yi wa ƙannenmu 'yan sakandare bita da Hausa duk Asabar amma tun a sunan kwas ɗin muka cije. Wa ke da kalma?

'Yar Asawase: Lissafin sirri mana.

Ɗan Aboabo: A'a Yaya, mai nufin sirri ɗin wata kalma ce daban, a baki ne kawai suka zo ɗaya. Wannan nufinta abubuwa a rarrabe, kowanne zaman kansa yake. Ki duba kasuwar Kejetia, mai ƙwai ƙirgawa take yi, 1, 2, 3, ba a sayen ƙwai ɗaya da rabi, ita kuwa mai manja awo take yi kuma tsakanin rabin kwalba da cikakkiya ko ina man zai iya tsayawa. Kwas ɗinmu na layin mai ƙwai ne, kalkulos na layin mai manja.

Ɗan Tafo: To ai magana ta ƙare, lissafin ƙidaya.

Ɗan Aboabo: Mun gwada shi, da ka ce ƙidaya sai hankalin mutane ya tafi kan ƙidayar jama'a. Kuma ƙirge babi ɗaya ne kawai, kamar a ce lambar sirri ta momo (asusun kuɗi na waya) mai lamba 4 kala 10,000 za ta iya fitowa. Akwai babin da ba ruwansa da wannan, misali a 1736 Euler ya ɗauki gadoji 7 na garin Konisbag ya nuna ba yadda za a yi mutum ya bi kowace gada sau ɗaya tak ya gama su duka, dalili kuwa yankuna 4 ɗin garin kowanne adadin gadojin da suka taɓa shi mara ne, ba cika ba. Bai auna tsawon gada ko ɗaya ba, wa ke haɗe da wa kawai ya duba.

Malamin zaure, Alabar: Ku yaran boko kuna neman abin da ke cikin aljihunku. Lojik ba sai an ƙirƙira masa suna ba, mantiƙi ne, kuma ya daɗe a ƙasar Hausa. Shehu Magili da ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi rubutu a kansa, har sun yi musayar baitoci da Suyuɗi da ke ganin bai halatta a karanta shi ba. Littafin mantiƙin nan Sullam na Al-Akhdari kuwa har gobe ana karanta shi a zaure. Ɗayar kalmar ma malamai sun riga ku, sun raba adadi gida biyu, muttasili mai haɗe, munfasili mai rabe. Ku ce lissafin munfasili ku huta.

'Yar Asawase: Allah gafarta Malam mantiƙi kam na karɓa hannu bibbiyu, amma munfasili wallahi yaron Islamiyya na ji zai fara jan madda, tajwidi zai ɗauka za a koya masa. Me zai hana a ce lissafin ɗaiɗaiku?

Ɗan Tafo: Ɗaiɗaiku ko ɗaiɗaita? Don kwas ɗin ɗaiɗaita mutane yake ranar jarrabawa lol

Ɗan Aboabo: Ɗaiɗaiku ya zauna min gaskiya, ya ɗauki lambobi, ya ɗauki mahaɗai da layukan Euler, wato yankunan nan da gadojinsu, kuma tsohuwa a gida ma za ta gane. Sai dai Malam namu mantiƙin ba da dogon zance ake yinsa ba, tun da George Boole ya fitar da littafinsa a 1854 aka mai da shi aljabara, gaskiya 1 ƙarya 0, sai Claude Shannon ya zo a 1937 ya nuna makunnan lantarki za su iya bin wannan ƙa'ida, kwamfuta a kai take tafiya. Jadawalin gaskiya da ƙarya muke zanawa, magana 2 layi 4, magana 3 layi 8.

Malamin zaure, Alabar: To ku ce mantiƙin lissafi, asalin dai ɗaya ne. Ɗaiɗaiku ma ba laifi tunda don yara ne, ni dai a bakina munfasili zan ci gaba da cewa.

Ɗan Aboabo: Godiya muke Malam. Na rubuta lissafin ɗaiɗaiku, mantiƙin lissafi, jadawalin gaskiya da ƙarya. Saura ƙaramar kalma mai rigima, "ko". A maganarmu in aka ce ko wannan ko wancan yawanci ɗaya ake nufi, a kwas ɗin kuwa in duka biyun gaskiya ne jimlar tana nan gaskiya.

'Yar Asawase: Ka bar "ko" yadda yake a kwas, wancan na zaɓi ka kira shi "ko na ɗaya tak". Ƙarfe nawa bitar, zan turo 'yan gidanmu biyu.